Ƙotar bindigar farauta tsakanin hunturu da damina

Sau biyu ina canza wa bindigar farautata ƙota kafin na daina tambayar sunan itace na koma tambayar yaushe aka sare shi. Ta farko maɗaci ce, ja wur, wata huɗu kacal da sara aka sassaƙa ta. Hunturu na kankama ta tsage daidai wuya, inda hannun dama ke riƙewa, tsaga mai tsawon ɗan yatsa. Itacen ɗanye ne, sannan jijiyarsa, wato layukan da ke cikin katako, ta gitta wuyan a karkace.

Wuyan nan shi ne siririn wuri a duk ƙota, kuma duk naushin da bindiga ke yi ta nan yake bi zuwa kafaɗa. Yanzu in an ba ni katako sai in shafa masa ruwa da yatsa, jijiyar ta fito fili, in duba ta sama da ta gefe. In ba ta miƙe tare da wuyan ba, ko akwai ƙulli a wajen, na bar shi komai kyansa. Gindi kuwa ko jijiyar ta yi kwana ba laifi.

Turawa katakon walnut suka fi so, saboda ba shi da nauyi sosai kuma ba ya yawan kumbura ko tsukewa. A nan kanya na zaɓa, don tana da ƙarfi, gara ma ba ta cika damunta ba. Ƙirya da marke sun yi nauyi ga mai yini a daji. Kaurin katakon ya kai inci 2 da rabi, a toshe bakinsa biyu da kakin zuma, a jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Lissafin masassaƙa shekara guda ne ga kowane inci, wato kusan shekara 2 da rabi. A riƙa ɗora shi a sikeli. In nauyinsa ya daina raguwa wata da watanni, ya bushe.

Ta biyu ba ta tsage ba, amma da damina ta kumbura ta tokare bututu ta gefe, harbi ya riƙa kaucewa. Na kankare kwarin da bututun ke kwanciya har takardar naira ta riƙa wucewa tsakaninsu ba ta maƙale ba, na shafe cikin kwarin da mai. Nan ne mutane ke mantawa, su gyara waje fes, su bar ciki da ƙarƙashin robar gindi tsirara, alhali ta nan danshi ke shiga.

Ƙotar roba ba ruwanta da damina, sai dai mai arhar tana lanƙwasa in ta sha zafi a cikin mota. In da hali, ta faiba (roba mai zaren gilashi a ciki) ko ta katako mai falle-falle da aka manne da gam ta fi.

Man linsid, wani man tsiro da ake shafa wa katako, nake shafawa, kaɗan-kaɗan da tafin hannu, in goge ragowar, in bar kwana guda tsakanin shafa da shafa. Man ƙarfe kuwa ruɓar da katako yake yi, shi ya sa nake jingine bindigar bakinta ƙasa, kada ya gangara cikin wuyan ƙota.