Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ciwon da na fara gani a cikin kaza

A makon jiya na tsaya a inda na ajiye aiki a ma'aikatar kiwo, na koma gidanmu na Birni da niyyar hutawa. Hutun bai yi nisa ba, domin kwana uku bayan Babbar Sallar shekarar da na ajiye aikin, wajen ƙarfe uku na dare, wani zogi ya tashe ni daga barci a gindin babban yatsan ƙafata ta dama. Na ɗauka kunama ce, har maiɗakina ta haska tocila muka kakkaɓe shimfiɗa, ba mu ga komai ba. Yatsan ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi, kuma ko gefen mayafi ya taɓa shi sai in ji kamar an ɗora mini garwashi. Da aka kira sallar asuba, a zaune na yi ta.

Lokotoron da ya duba ni yaro ne sa'an ɗana na fari. Ya kalli yatsan, ya ce, "Baba, me kuka ci a kwanakin nan?" Na lissafa masa ba tare da na ɓoye komai ba: hanta da ƙoda tun ranar yanka, farfesun kayan ciki da safe, soye da rana, da dare kuma tsire a fadarmu, da shayi zagaye uku mai sukari kamar zuma, da lemun kwalba. Da sakamakon awon jini ya fito, ya nuna mini layin da aka rubuta asid urik, ya ce a jikin namiji ba a so ya wuce miligiram 70 a kowace lita, nawa kuwa ya haura da nisa. Ya ce sunan ciwon gut, kuma idan sinadarin ya yi yawa a jini sai ya daskare ya zama wasu 'yan ƙananan allurai a cikin gaɓa.

Yana cikin bayani hankalina ya tafi wani wuri, domin na san wannan ciwo, sai dai ban taɓa zaton zan gamu da shi a jikina ba. Shekaru da dama kafin nan, a tsakiyar bazara, an kira ni wata gonar kaji a kan hanyar Miriya, inda 'yan tsaki masu tasowa suke mutuwa kullum. Na feɗe guda uku a kan wani tsohon buhu. Zuciya da hanta duk sun lulluɓe da wani farin abu kamar an barbaɗa musu garin alli, ƙodar kuma ta kumbura ta yi fari-fari. Da na bincika, sai na tarar mai gonar yana ba su abincin kaji masu ƙwai saboda shi ne ya rage masa a ɗakin ajiya, alhali abincin masu ƙwai yana ɗauke da kalsiyam kusan kashi 4 cikin ɗari, na masu tasowa kuwa kusan kashi 1 ne kawai. Ga shi kuma famfo ya ɗauke, kamar yadda duk mutumin Damagaram ya saba a wannan lokaci, kajin suna wuni da ƙishi. Tsuntsu ba ya fitsari irin namu. Farin nan da ake gani a kashin kaji shi ne asid urik ɗinsa, kuma da zarar ƙoda ta gaza fitar da shi sai ya kwanta a kan kayan ciki. Na tuna irin faɗan da na yi wa mutumin a ranar, ina ce masa ya kashe dabbobinsa da hannunsa ta hanyar abinci da ruwa. A gaban lokotoro sai na ji kunya ta kama ni.

'Yata da ke karatu a Jami'ar André Salifou ita ce ta ɗauki ciwon nan kamar nata. Kullum da yamma sai ta zo da wayarta ta zauna a gefen tabarma, ta ce, "Baba, an gwada abu kaza a kan ɓeraye, ya saukar musu da asid urik." Yau ganye, gobe saiwa, jibi wani 'ya'yan itace da ba a ma sayar da shi a Kasuwar Dole. Ban raina ƙoƙarinta ba, amma na roƙe ta ta karanta mini yadda aka yi gwajin kafin abin da aka samu, kuma a nan ne muka fahimci inda gizo ke saƙar. Ɓera, kamar tunkiya da saniya da yawancin dabbobi masu shayarwa, yana da wani sinadari a hantarsa da ake kira urikaz, wanda yake narkar da asid urik ya mayar da shi wani abu mai saurin fita cikin fitsari. Mutum ba shi da shi. Saboda haka ko an cika ɓera da nama, da wuya ya kamu da irin ciwona. Sai masu bincike sun fara toshe masa wannan sinadari da wani magani mai suna okzonat, sannan su ƙara masa abinci mai yawan furin, wato abin da jiki ke farfasawa ya zama asid urik, ko kuma sukarin furuktos, kafin jininsa ya hau. A 1994 wasu masana a Amurka sun samar da ɓeraye da aka cire musu urikaz tun daga halitta, sai yawancinsu suka mutu kafin su cika mako huɗu, ƙodarsu ta toshe.

Ni da na yi rayuwata a cikin dabbobi ba zan ce wannan aiki banza ne ba. Ta hanyarsa aka ga yadda sukari irin na lemun kwalba yake tayar da asid urik ko da babu nama a ciki, abin da ni ban taɓa kawowa a raina ba. Sai dai ɓeran da aka ɗaure wa hanta da magani na mako biyu ba ɗaya yake da dattijon da ya shekara talatin yana tsayawa wurin mai tsire ba, kuma wanda ya taɓa auna wa akuya magani da ma'aunin raƙumi ya san abin da nake nufi. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne binciken da aka wallafa a 2004, wanda ya bi maza fiye da 47,000 a Amurka har shekara 12. An samu cewa masu yawan cin nama da kayan teku sun fi kamuwa, masu shan madara da nono sun fi tsira, wake da ganyaye kuma ba su ƙara haɗarin ba. Da 'yata ta karanta wannan, maiɗakina ta ce, "Malam, ashe furar da kake rainawa ce abokiyar zamanka."

Akwai abu ɗaya da labarin tsuntsaye ya hana ni. A daren farko wani maƙwabci ya kawo mini diklofenak, wani maganin kashe zogi, daga wurin masu talla a faranti, na sha biyu. Daga baya na tuna cewa wannan magani ne ya kusa ƙarar da ungulu a Indiya, domin suna cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, ƙodarsu ta lalace, a feɗe su a tarar da farin garin nan da na gani a Miriya, har aka hana ba dabbobi shi a can a 2006. Mutum ba ungulu ba ne, amma lokotoro ya tabbatar mini cewa yawan shansa yana taɓa ƙodar mutum, ita kuwa ƙoda ita ce take fitar da kusan kashi biyu cikin uku na asid urik.

Ya rubuta mini kolshisin don zogin, ya ce in sha ruwa da yawa, in dawo bayan kumburin ya sace mu yi maganar alofurinol, maganin rage asid urik wanda ake sha kullum. Ranar da na koma fada ina ɗingishi da sanda, na zo da butar ruwana, na ce a zuba mini shayi kafin a sa sukari. Mai tsire ya miƙo mini tsinken hanta kamar yadda ya saba, na ce ya ba na kusa da ni. Yadda muka kwashe da alofurinol, da wanda ya ba ni shawarar in daina sha, sai a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.