Wata Shida Ina Neman Tambayata

Ƙannena masu shirin rubuta kundin kammala digiri, ga abin da ya same ni a Kumasi, don kada ya same ku.

Taken da na fara kai wa malamina shi ne "Matsalolin Ilimi a Zangunan Gana". Ni ɗan Aboabo ne, ɗaya daga cikin zangunan Kumasi, abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma gani nake in na ɗauki ƙaramin batu na ci amanar mutanena. Malam ya karanta, ya kife takardar a kan tebur, ya ce, "To, mece ce tambayarka?" Na shiga zuba: talauci, ƙarancin malamai, aure da wuri, allo da boko. Ya ce duk wannan kuka ne, bai ji tambaya ba tukuna. Na fito raina a ɓace. Maimakon in rage kaya, sai na ƙara unguwannin Nima da Mamobi na Ankara, babban birnin Gana. Wata shida ina karatu, littafin rubutuna ya cika, ko babi ɗaya ban haɗa ba.

A gidan gwaggona na tsinci tambayar. Na tarar da 'yarta tana ƙulla koko a leda, alhali ta ci jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare har an ba ta gurbi a babbar sakandare. Na ce, "Gwaggo, ai tun 2017 gwamnati ta cire kuɗin makarantar sakandare." Ta ce, "Ɗana, katifa fa? Akwati fa, da guzuri, da kuɗin mota? Kuma wa zai riƙe mini tukunya da asuba?" Nan take na rubuta a bayan hannuna: tunda an cire kuɗin makaranta, me ke hana 'yan matan Aboabo da suka samu gurbi tafiya? Unguwa ɗaya, rukuni ɗaya, abu ɗaya da ba a sani ba. Washegari malam ya sa hannu.

Kafin ku kai take, ku faɗa wa kakarku shi da Hausa cikin numfashi ɗaya. In ta ce "me kake nufi?", bai nuna ba. Ku duba kundayen waɗanda suka riga ku a ɗakin karatu, kada ku maimaita aikin wani. Ƙidayar 2021 za ta ba ku alƙaluman gundumar Asokore Mampong, inda Aboabo take, amma dalili sai a bakin mutane.

A nan ma na sake tuntuɓe. Ban tambayi kaina wa zai amsa mini ba. Namiji baƙo ba ya shiga gida ya zauna da 'yan mata, ko da takardar jami'a a hannunsa. Wata guda ina tsayuwa a ƙofar gidaje, sai da yayata ta yarda ta riƙa raka ni bayan la'asar, ita ta yi sallama ta shiga, ni in bi bayanta.