Abin da hancina ya koya a wajen haɗa turare

Abin da ya ja ni ga haɗa turare a gida tambaya ce da ta daɗe tana cin raina: me ya sa turaren da na shinshina a bakin kwalba na so shi, idan ya yi awa biyu a jikina sai ya rikiɗa ya zama wani abu dabam? Wani ya ƙara daɗi, wani kuma ya koma ƙamshi mai hawa kai. Sai da na fara taɓa mayukan ƙamshin da ake haɗa turare da su ɗaya bayan ɗaya na gane cewa kowanne yana da nasa saurin tashi a iska. Man ɓawon lemo da na bagamot (wani ɗan uwan lemo) da na na'a-na'a su ne masu gaggawa, su ake fara ji, kuma kafin a yi awa guda yawancinsu sun gudu. Wardi da yasmin da kanumfari suna jimawa har 'yan awoyi. Sandal da jema da fachuli (man ganyen wani tsiro) da lubban da itacen ud kuwa sukan kwana a tufafi. Masu sana'ar suna kiran waɗannan ƙamshin sama, na tsakiya da na ƙasa. Wanda ya yanke wa turare hukunci a shaƙar farko, ƙamshin sama kawai ya ji, shi ne kuma wanda zai fara barinsa.

Kayan aikina ba su da yawa: ƙananan kwalabe masu duhu, 'yan bututun ɗiga mai, siraran takardun gwaji, itanol (ruwan sinadarin da ake narkar da mayukan a ciki) mai ƙarfin kashi 95 ko 96 cikin ɗari, littafin rubutu, sai sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Sikelin nan shi nake fara ambata wa duk mai son farawa. Ƙirga ɗigo yana da sauƙi, amma ɗigon man jema mai kauri da ɗigon man lemo mai tsinkewa ba nauyinsu ɗaya ba, don haka haɗin da aka yi da ɗigo da wuya a maimaita shi daidai. Kowane mai da na samu nakan tsarma shi, giram 1 na mai a cikin giram 9 na itanol, kuma da wannan nake gwaji. Kayan ba sa saurin ƙarewa, hanci kuma ya fi gane ainihin ƙamshin idan ba a cika masa ƙarfi ba.

Hanyar da ta fi amfanata ita ce ta Jean Carles, wani masanin turare da ya koyar a garin Grasse na kudancin Faransa a ƙarni na 20. Shi daga ƙamshin ƙasa yake farawa. A ɗauki mai biyu masu nauyi, a haɗa su kashi 9 da 1, sannan 8 da 2, 7 da 3, har a kai 5 da 5, kowanne a kwalbarsa. Ana neman wurin da su biyun za su daina jan juna, su zama ƙamshi guda wanda ba a iya cewa wannan ne ko wancan. Da na yi haka da sandal da jema na ji abin da ban taɓa lura da shi ba. A 9 da 1 sandal ne kawai, mai laushi da ɗan zaƙi. A 5 da 5 jema ta danne shi da ƙamshinta mai kama da na turɓaya da hayaƙi. Amma a wajen 7 da 3 sai wani abu ya fito, busasshen itace mai ɗumi, wanda babu shi a kowace kwalba daga cikin biyun. Daga nan sai a kawo na uku, a sake bin matakan, sannan a hau zuwa furanni, a bar lemo sai ƙarshe. Aikin yana cin lokaci da kwalabe, amma tun da na riƙe shi nake sanin dalilin kowane abu da ke cikin haɗina. Ya kuma rage mini kwaɗayin tara kaya, domin mai biyar ko shida da aka daidaita sun fi ashirin da aka zuba kai tsaye, waɗanda sukan taru su zama wani ƙamshi mara fuska.

Hanci yana gajiya da wuri. Bayan 'yan shaƙe-shaƙe sai ya daina jin abin da ke gabansa, musamman miski. Nakan fita in sha iska, ko in shinshini hannun rigata, kuma na fi son yin gwaji da safe. Kowace takarda nakan rubuta mata lokacin da na tsoma ta, in dawo gare ta bayan awa ɗaya, bayan awa huɗu, da washegari.

Bayan wannan jiran na takarda sai jira na biyu, wanda ya fi wuya. Sabon haɗi kan yi kaifi, itanol yana sukar hanci, kowane mai yana tsaye shi kaɗai. Nakan toshe kwalbar in ajiye ta a wuri mai duhu da sanyi na makonni huɗu zuwa shida, kuma bambancin yana fitowa fili: kaifin ya kwanta, lemo ya zauna a kan itacen maimakon ya yi ta yawo a samansa. Turare mai ƙarfi yakan ɗauki mai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, matsakaici 15 zuwa 20, mai sauƙi kuma 5 zuwa 15. Wanda ba ya son itanol yana iya amfani da man johoba (man 'ya'yan wani tsiro), wanda ba ya saurin lalacewa. Irin wannan turaren yakan lafe a jikin fata, ba ya tashi nesa, ƙamshin samansa kuma yakan ɗan dushe.

Akwai masu ganin duk abin da aka haɗa a ɗakin kimiyya jabu ne, ni dai ban yarda ba. Tun 1868 masanin kimiyya William Perkin ya haɗa wani sinadarin ƙamshi mai suna kumarin a Ingila, kuma a 1882 aka sa shi a turaren Fougère Royale, wanda ya buɗe wa turaren zamani ƙofa. Miskin da ke cikin turarukan yau kusan duk haɗaɗɗe ne, abin da ya rage farautar barewar miski. Man wardi na gaske, irin na Bulgeriya da Turkiyya, sai an tatsi tan 3 ko fiye na furanni kafin a samu kilo 1, shi ya sa nake tallafa wa ɗan kaɗan ɗinsa da haɗaɗɗun sinadarai.

Kuma fitowa daga tsiro ba ta sa mai ya zama mara illa. Man bagamot da aka matse daga ɓawo yana ɗauke da sinadarin bagaftin, wanda ke ƙona fata ya bar tabo idan rana ta buge ta. Ƙungiyar IFRA, wadda aka kafa a 1973 don tsara ƙa'idojin masana'antar turare, ta taƙaita irin wannan man bagamot ga kashi 0.4 cikin ɗari a abin da zai zauna a fata. Ni wanda aka cire wa sinadarin nake saye. Man kirfa da na kanumfari su ma suna sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, don haka ƙanƙani nake sawa. Itanol kuma wuta yake kamawa, ba na aiki da shi kusa da murhu ko kyandir.

Idan zan ba wani abin da na haɗa, nakan rubuta duk mayukan da ke ciki a jikin kwalbar tare da ranar haɗi, in roƙe shi ya fara ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu ya bari ya kwana kafin ya shafa a wuya.