Kafin a ɗora famfo a kan burtsatse, a gwada ruwan

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu ta tara kuɗin haƙa burtsatse a wani ƙauye, sadaka ga iyayenmu da suka rasu. Da aka zo lissafi na ce a ware kuɗin gwajin ruwa, sai wani ɗan'uwa ya ce, "Malam, ruwan da ya fito daga ƙarƙashin dutse ai Allah ne ya tace shi." Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma haka yawancinmu muka ɗauka. Amma ni da nake koyar da kimiyyar sinadarai, maganar ta hana ni sukuni.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba a rufe yake cikin tulu ba. Yana kwance ne a tsagogin duwatsu da cikin yashi, wani shekaru goma, wani dubbai, yana lasar abin da ke jikin dutsen a hankali. Inda akwai gishiri sai ya fito da zartsi, kowa ya ɗanɗana ya tofar. Inda akwai ƙarfe sai ya rina bokiti ja, mata su yi ƙorafin ya ɓata musu wanki. Waɗannan da sauƙi, domin suna tona asirin kansu. Wanda ke ba ni tsoro shi ne wanda ba ɗanɗano, ba wari, ba launi, kuma ɗaya daga cikin manyansu a ƙasarmu shi ne sinadarin fuloraid.

Duk wanda ya zauna a Kaltungo ko Langtang ya ga yara da haƙora masu ratsin ruwan ƙasa, kamar sun shekara suna cin goro. Ba ƙazanta ba ce. Duwatsun yankin ne ke ɗauke da ma'adinai masu fuloraid, ruwa na narkar da su. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake saka shi a man goge baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita ɗaya, ƙa'idar Najeriya ma haka. Idan ya haura, haƙoran da ke tsirowa kafin yaro ya kai shekara takwas su ne ke fara nunawa, kuma tabon ba ya fita. Idan ya yi yawa sosai sai ya shiga ƙashi.

Abin da ya faru ke nan a Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. A 1985 aka haƙa wa garin rijiya mai zurfi, aka ja ruwan famfo, jama'a suka yi murna. Sai bayan shekaru kusan goma sha biyar aka gane cewa fuloraid ɗin ruwan ya ninka ƙa'ida fiye da sau uku. Kafin nan ɗaruruwan yara sun taso da ƙafafu a lanƙwashe da ciwon gaɓoɓi. Duk lokacin da na tuna iyayen da suka riƙa ɗura wa 'ya'yansu wannan ruwa suna ganin sun rabu da ruwan kududdufi, sai zuciyata ta karaya.

Me ya sa rijiya mai zurfi ta fi haɗari a irin wannan wuri? Ruwan can ƙasa ya daɗe yana cuɗanya da dutse, yana da ɗumi, kuma sau da yawa kalsiyam ɗinsa, wato sinadarin nan da ke gina ƙashi, kaɗan ne. Kalsiyam shi ke kama fuloraid ya mayar da shi dutse. Idan babu shi, fuloraid ya samu sake. Saboda haka ruwan nan mai laushi, mai saurin kumfa da sabulu, wanda ake yabo, shi ne wani lokaci ya fi ɗauke da shi. Ƙara da zafin ƙasarmu, inda yaro ke shan ruwa fiye da na ƙasashen sanyi. Tafasawa kuwa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwan ne ke tafiya a tururi.

Sai dai kada a ɗauka burtsatse ce matsalar. A Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, abin ya zo ne ta wata fuska. Dutsen zinaren da ake daka a cikin gidaje yana haɗe da dalma, ƙurar ta cika tsakar gida, ta faɗa buɗaɗɗun rijiyoyi da kududdufan da ake wankin ƙasa. A can, ta fuskar ruwan sha, rufaffiyar burtsatse ita ce mafita. Wuri biyu, ma'adinai biyu, shawarar da ta dace da wani gari ita ta nakasa wani. Mai haƙa rijiya, komai gwanintarsa, ba zai gane wannan da ido ba.

Na ce wa 'yan ƙungiyarmu a ɗebi ruwan a gora mai tsabta bayan an bar shi ya zuba na ɗan lokaci, a kai ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha ko na jami'a, a nemi a duba fuloraid da dalma da asanik (wata guba da ke cikin wasu duwatsu) da sunansu, domin gwajin ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya nuna su. Idan sakamako ya fito da matsala, rijiyar ba ta zama asara ba. Ana iya barin ta don wanka da wanki, a rubuta a jikin famfon da manyan baƙaƙe, a nema wa yara ruwan sha daga wata rijiyar ko ruwan sama. A Kenya da Habasha suna tace fuloraid da gawayin ƙashin shanu, a Indiya kuma da alam da farar ƙasa. Ƙashin shanu dai ba mu rasa shi a kowace mahauta ba. Ƙungiyar ta amince, an rage kuɗin fenti da allon suna an saka na gwajin.