Yadda na rage wa Hilux ɗina tsawon bodi a Panteka

Gonata tana bayan Kujama, kusa da Kaduna, kuma daga inda kwalta ta ƙare akwai rafukan da dole sai an tsallaka. Da rani babu damuwa. Da zarar Agusta ta kama, ruwa ya cinye gaɓa, sai ka gangara kwari ka sake haurawa a cikin ɗan taƙi. Hilux ɗina tsohuwa ce mai kai ɗaya, bodinta ya haura mita biyu, tana ja da ƙafa huɗu, injinta bai taɓa ba ni kunya ba. Gindinta ne ke tsare ni. Tayoyin gaba sun fara hawa, na baya suna cikin kwari, sai bamba ta zauna daram a kan gaɓar da na baro, tayoyin su yi ta juyi babu kamu.

Wasu sun ce in ƙara ganyen sifirin in sa manyan tayoyi. Na ƙi, domin motar da ta yi tsayi da yawa, ga buhuna a kanta, in ta karkata a gefen tudu ba ta da tabbas. Na gwammace in rage abin da ke bugun ƙasar.

Kafin a taɓa komai sai da na auna, kuma awon ba wuya. Na ajiye mota a daɓe mai daidai, na cusa bakin katako a bayan tayar baya, na ɗaga ɗaya bakin har ya taɓa ƙasan bamba, na ɗora waya a kai ta nuna min digiri 21. Duk gangaren da ya wuce haka, gindin motar zai ci ƙasa.

Na kai ta Tsohuwar Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da ke Tudun Wada a Kaduna, wajen wani dattijo da kowa ke kira Baba. A kan a-kori-kura ƙirar 404 da 504 ya koyi aikin bodi, zamanin da motocin Peugeot da aka fara haɗawa a Kakuri a 1975 suka cika garin nan. Ya tambaye ni nawa nake so a cire, na ce rabin mita. Bai ce uffan ba, ya ɗauki alli ya shiga ƙarƙashin motar, ya kira ni.

"Alhaji, leƙo ka gani. Ka ga inda kunnen sifirin na baya ya kama shasi? Nan ne iyakarka. Abin da ke bayansa naka ne, yanke. Abin da ke gabansa, in ka taɓa, sai ka ta da sifirin, ka ta da farfelar da ke juya tayoyin baya, ka ta da bututun birki. Wannan wata motar ce kuma."

"To Baba, nawa ya rage mana?"

Ya ja tef, ya bar tazarar da sabon ƙarfen da zai gitta shasi zai zauna, ya ce santimita 30. A kan haka muka tsaya. Nisan da ke tsakanin tayar gaba da ta baya bai canja ko kaɗan ba, kuma wannan shi ne abin da na fi so duk mai niyyar irin aikin nan ya riƙe: ragowar da ke lilo a bayan taya ake cirewa.

Aka cire kan batir, aka sauke tankin mai gaba ɗaya aka kai shi nesa. Wani yaron shagon ya ce a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu kawai, Baba ya harare shi, maganar ta mutu. Aka kwance kusoshin bodi, yara suka ɗauke shi suka ɗora a kan diram huɗu.

Wutsiyar bodin ba a jefar da ita. A can ne mazaunin fitilu yake, da hinjin ƙofar baya, da kusurwoyin da kamfani ya lanƙwasa, waɗanda ba a iya maimaita su da guduma. Abin da ake yi shi ne a zana layi biyu a bayan kumburin da taya ke shiga, a cire ɗamarar da ke tsakaninsu, a turo wutsiyar gaba ta haɗu da sauran. Kafin garanda ta taɓa kwano, Baba ya sa aka liƙa ƙarafuna biyu a gicciye cikin bodin, don in an yanke kada gefuna su buɗe. Bayan an haɗa, ya auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ya sake aunawa a ɗaya ɓangaren. Sai da awon biyu suka zo ɗaya, aka kuma rataya ƙofar baya aka ga tana kulluwa ba tare da an danna ta ba, sannan ya yarda a kunna wuta.

Waldar ce ta fi cin rai. Kwanon gefe siriri ne, bai fi kaurin milimita ɗaya ba, in ka ja masa walda doguwa zafi zai murɗe shi ya yi tudu da kwari, kuma babu filar da ake shafawa kafin fenti da za ta ɓoye wannan. Ɗigo-ɗigo ake yi. Baba ya ɗiga a sama, ya tsallaka ƙasa, ya koma ɗaya gefen, ya dawo ya dafa wurin farko da bayan hannunsa, in da sauran ɗumi ya jira. A haka ɗigon suka yi ta matsowa har suka zama layi. Ina zaune a kan benci ina ganin kamar aikin ba ya tafiya, amma da aka goge aka shafa hannu, ba ka jin inda aka haɗa. A daɓen bodin kuwa, inda kwanon yake da ƙwarya-ƙwarya, sai da aka daidaita kowane layi da ɗan'uwansa, aka kuma sa ƙarfe a ƙarƙashin mahaɗar, saboda nan ne buhu zai zauna.

Shasi kuma nasa daban. An yanke ƙafafunsa biyu daidai da juna, aka ƙera sabon ƙarfen gitta mai kauri, aka ƙara masa faranti a kusurwoyi. A nan na dage a sayo sandar walda 7018 maimakon 6013 da aka saba aikin ƙofa da taga da ita, domin a jikin wannan ƙarfen ne ƙugiyar ja za ta zauna, kuma ranar da mota ta kafe a laka, duk nauyinta a kansa zai rataya. An ɗauke wuta ana tsaka da aikin, ƙaramin janareta ba ya riƙe sandar, Baba ya ce a jira. Muka jira.

Ƙananan abubuwan da ba na lissafi da su ne suka ƙara min kuɗi. Safaya da take rataye a ƙarƙashin bodi ta rasa wuri, sai aka yi mata mazauni a tsaye a bayan kan motar. Salansa ta yi tsawo, aka rage ta aka karkatar da bakinta gefe. Wayoyin fitilu aka naɗe rarar aka ɗaure, ban yarda a yanke su ba. Bambar kamfani muka ajiye, aka yi sabuwa da bututun ƙarfe, aka ɗaga ta sama. Lambar mota da fitilarta suka koma inda jami'an hanya za su gan su sarai. Duk inda wuta ta taɓa aka kankare, aka shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, don walda ba ta jimawa a damina in an bar ta tsirara.

Da na sake sa katako, digiri 31 ya nuna. A rafin da ya fi wahalar da ni, ta sauka ta haura ba ta taɓa ƙasa ba.

Amma akwai abin da na bayar. Layin buhu ɗaya ya tafi, kuma in mota ba kaya gindinta ya yi sauƙi, a kan tsakuwa in na taka birki da ƙarfi tayoyin baya na saurin ƙamewa. Yanzu kaya masu nauyi a gaba nake jera su, tsakanin kan mota da tayar baya, in kuwa ba komai zan tafi sai in ɗora buhun yashi biyu. Wanda ke dakon kaya daga Kasuwar Bacci zuwa Kawo a kan kwalta, ba zan ba shi shawarar ya taɓa bodinsa ba, asara zai yi. Bayan kowace damina ina wanke ƙarƙashinta in duba waldar shasi da tocila ko ta tsage. Aikin da ya rage shi ne farantin da zai kare ƙasan tankin mai, Baba ya riga ya ɗauki awonsa.