Kafin ki biya kuɗin sikanin mahaifa, duba ranar da jininki ya fara

Har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna cewa tambaya guda ce aka ƙi yi mini, kuma ita ta jawo mini asarar kuɗi da tashin hankali na makonni. Tambayar ita ce, "Hajiya, yaushe jininki na ƙarshe ya fara?" A wani gidan sikanin mai zaman kansa a cikin garin Sakkwato, babu wanda ya yi ta. An ce in sha ruwa har mafitsara ta cika, aka ɗora na'ura a marata, aka miƙo mini takarda cewa shimfiɗar cikin mahaifata ta yi kauri, milimita 15. Wanda ya miƙo takardar ya ƙara da cewa a shekaruna bai kamata ta wuce 4 ko 5 ba. Duk macen da ta haura 45 ta san inda zuciyarta za ta tafi idan ta ji haka.

Wannan ma'auni na milimita 4 gaskiya ne, amma na matan da suka riga suka daina al'ada ne, wato waɗanda suka cika wata 12 ba su ga jini ba. Ni kuwa ina yi, rikicewa kawai ta yi. Mai al'ada, shimfiɗar mahaifarta ba ta da kauri ɗaya. Lokacin da jini ke zuba da kuma daidai ɗaukewarsa siririya ce, wajen milimita 2 zuwa 4. Daga nan ta riƙa tohowa, kafin fitar ƙwai ta kai 10 ko fiye, a mako biyun ƙarshe kafin wani jinin kuma tana iya kaiwa 16 ba tare da wata cuta ba. An auna ni ne ana saura 'yan kwanaki jini ya zo. Kamar a auna Gulbin Rima a watan Agusta ne a ce haka ruwansa yake duk shekara.

Likitan mata da na gani daga baya, da ta karɓi takardar, abin da ta fara tambaya ke nan: rana ta nawa ce a zagayen watanki? Da na faɗa mata sai ta ajiye takardar gefe ta ce, "Hajiya, wannan lambar ba za ta gaya mini komai ba, sai mun sake." Aka sake bayan jini ya ɗauke, shimfiɗar ta koma siririya. Kuɗin farko dai ya tafi.

Abin da ke faruwa a waɗannan shekaru shi ne ma'ajiyar ƙwai ta fara gajiya. Wani watan ƙwai ya fita, wani watan bai fita ba. Sinadarin istirojin shi ke gina shimfiɗar mahaifa, furojestaron kuma, wanda sai ƙwai ya fita ake samun sa, shi ke tsayar da ginin ya sa ta zube a kan tsari. Watan da ƙwai bai fita ba, ginin na ci gaba babu mai tsayar da shi. Shi ya sa za ki yi wata biyu shiru, sannan jini ya ɓalle da gudaji ya ƙi ɗaukewa. Mafi yawan mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55, wannan rikicewar kuma tana gabatar ɗaukewar da wajen shekara 4, ga wasu har 8 ko fiye. Alamar farko ita ce tazarar wata da wata ta riƙa bambanta da kwana 7 ko fiye. Idan aka fara tsallake kwana 60 babu jini, an shiga zangon ƙarshe.

Idan abin da kike gani bai wuce wannan ba, wato jini ya zo da wuri ko ya makara, ya tsallake wata, ya ragu, ga zafin jiki da gumin dare, ba ki buƙatar sikanin. Ba ki buƙatar gwajin jini na FSH ma, sinadarin da ke zaburar da ma'ajiyar ƙwai, domin a wannan zango yau ya hau gobe ya sauka, kuma ga wadda ta haura 45 shekarunta da alamunta sun isa likita ya gane. A nan garin da mace ta ce mararta na ciwo sai a ce je ki yi sikanin, tun kafin wani ya duba ta. Na'ura kuwa kullum sai ta ga wani abu. Ƙaramin ƙullutun ruwa a ma'ajiyar ƙwai wanda bai kai santimita 3 ba, aikin jiki ne na kowane wata, yakan baje da kansa. Amma da an rubuta shi a takarda, barci ya ƙaurace wa gida.

Akwai jinin da ba a cewa shekaru ne. Wanda ya wuce kwana 8. Wanda ke jiƙe audugar mata cikin awa ɗaya, a canza ya sake jiƙewa, har awa biyu ko fiye a jere. Wanda ke dawowa kafin a cika kwana 21 daga farkon na baya. Ɗigon jini tsakanin al'ada da al'ada, da jini bayan saduwa da maigida. Sai kuma kowane irin jini, ko ɗigo ɗaya ne, bayan an cika wata 12 babu al'ada. Wannan na ƙarshen ba a jiran wata ya zagayo, ba a jiran bayan salla, a makon za ki je asibiti. Nawa ya faɗa cikin biyu na farko.

Mu nan yawanci malamai muke fara tambaya, kuma daidai ne, tunda salla da azumi sun rataya a kai. A mazhabar Malikiyya da muke bi, iyakar haila kwana 15 ne, mai sananniyar al'ada kuma tana ƙara kwana 3 a kan abin da ta saba muddin ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Wannan hukunci ya warware miki maganar salla. Bai ce mahaifarki lafiya lau ba. Na san mata da yawa da suka shekara suna zubar da jini na kwana 12 ko 13 kowane wata, hankalinsu kwance don bai kai 15 ba, har sai da jiri ya fara kayar da su. Amfanin da za ki ci daga wannan lissafin ibada babba ne: kin riga kin san ranakun da kika ajiye salla. Rubuta su. Ranar farawa, ranar ɗaukewa, auduga nawa a rana mafi tsanani, akwai gudaji ko babu. Wata uku na wannan rubutu sun fi takardar sikanin da ba a san ranarta ba amfani a hannun likita.

Tsarin da ya kamata a bi, wanda da shi aka fara da ni da ban wahala ba, yana farawa ne da gwajin ciki na fitsari. Kada ki ji kunyarsa. Muddin ƙwai na fita ko da jefi-jefi ne, ciki na iya shiga, kuma ɓarin ƙaramin ciki yana kama da irin wannan jinin. Sai gwajin yawan jini. Idan PCV, wato ma'aunin yawan jinin, ya gaza kashi 36, akwai ƙarancin jini. Haki idan an hau bene, bugun zuciya, jiri, kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa, duk mukan ɗora wa zafin Sakkwato na watan Afrilu, alhali jinin ne ya ƙare. Idan akwai alamar matsalar maƙoƙo a ƙara gwajinsa, domin shi ma yana rikita al'ada. Bayan haka likita ta duba bakin mahaifa da ido, da ƙarfen buɗawa. Wannan mataki ne da mata ke gudu, kuma shi ne sikanin ba ya maye gurbinsa. Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa cikin matan Najeriya, bayan ta mama, kuma farkonta ba ya fitowa a hoton mara. Mace na iya riƙe da takarda mai cewa komai lafiya, ciwon yana bakin mahaifa.

Sai bayan waɗannan ne sikanin ke da wuri, kuma iri biyu ne. Na mara shi ne wanda kowa ya sani, a sha ruwan leda biyu awa ɗaya kafin a shiga, kada a yi fitsari. Yana da kyau wajen ganin babban ƙari da ya taso sama, amma ga mai jiki irina ba ya nuna shimfiɗar mahaifa sosai. Na ƙasa, wanda ake saka siririyar na'ura ta gaba bayan an sa mata riga da man santsi, shi ne ke auna shimfiɗar daidai. Ana yin sa ne da mafitsara babu fitsari, minti 10 zuwa 15, akwai ɗan dannawa amma ba ciwo ba ne. Kina da damar neman mace ta yi miki, ko a tsayar miki da ma'aikaciyar jinya a ɗakin. Tambayi wannan tun ranar karɓar kati, ki kuma yi wa maigida bayani tun a gida don kada magana ta tashi a bakin ƙofa.

Ranar ita ce komai. A yi shi da zarar jini ya ɗauke, tsakanin rana ta 5 da ta 10 idan an ƙirga daga ranar da jinin ya fara. Idan sun ba ki wata rana da ba ta faɗa nan ba, ki ce a canza. Idan ba su tambaye ki ba, ki faɗa da bakinki, ki kuma tsaya a rubuta ranar a jikin takardar. Wadda jininta ya ƙi ɗaukewa sam ba za ta jira ba, ana yi ko da jinin na zuba. Ki kuma faɗi duk maganin da kika sha. Mata da yawa suna sayen Primolut N a kemis don tsayar da jini saboda azumi ko aikin Hajji, wasu na allurar tazarar haihuwa, wasu na shan haɗin gargajiya. Ƙwayoyin sinadari suna canza kamannin shimfiɗar, mai karanta hoton kuma ba zai sani ba sai kin gaya masa.

A sikanin na biyu an ga ƙaramin ƙarin mahaifa, wanda ake kira faibiroid, a jikin bango ta waje. Abu ne mai yawa ƙwarai a cikin mata baƙar fata. Inda ya zauna ya fi girmansa muhimmanci: ƙarami da ya leƙo cikin ramin mahaifa yana iya zubar da jini fiye da babba da ke waje. Yawanci kuma suna motsewa bayan al'ada ta ɗauke, don haka wadda ta kusa kaiwa kada a yi saurin tura ta tiyata a kan girma kawai. Idan ana zargin tsiro a cikin ramin, akwai sikanin da ake zuba ruwan gishiri a mahaifa don ya fito fili, ko a leƙa da 'yar kyamara.

Abin da ya ba ni mamaki, na ɗauka da lambar ta sauko magana ta ƙare. Likitar ta ce a'a. Ga mai al'ada babu wata lamba da za ta wanke ta daga sankarar cikin mahaifa, hoto ba ya ganin ƙwayoyin nama. Wadda ta kai 45 tana zubar da jini ba bisa ƙa'ida ba, musamman mai ƙiba, mai ciwon suga, ko wadda ta daɗe al'adarta na tsallake watanni, sai an ɗebi ɗan naman shimfiɗar an duba. Da bututun roba ake yi, kaurinsa wajen milimita 3, ta bakin mahaifa, ba a sa barci. 'Yan mintuna ne, da murɗar mara irin ta al'ada mai zafi. Ki sha maganin ciwo awa ɗaya kafin nan, ki tafi da auduga don za ki ga ɗigon jini kwana ɗaya ko biyu. Ana kai naman ɗakin binciken ƙwayoyin nama, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ki karɓi lambar samfurin a hannunki, ki bi sawunsa da kanki. Nawa ya fito babu sankara, alhamdu lillahi. Ko da an ga shimfiɗar ta yi toho fiye da kima, matuƙar ƙwayoyin ba su canza kama ba, da maganin furojestaron ake magance shi, ba da wuƙa ba.

Maganin jinin kansa bai kai wahalar binciken ba. Akwai ƙwayar rage zubar jini mai suna tiranesamik asid, giram 1 sau uku a rana, a kwanakin da jini ya fi yawa, kada ya wuce kwana 4, kuma ba na wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba ne, don haka likita ce za ta rubuta. Wadda wannan bai ishe ta ba, akwai robar mahaifa mai sinadari irin Mirena, tana rage jini sosai, tana kare shimfiɗar, tana kuma hana ciki. Maganar hana cikin ba ƙarama ba ce: wadda al'adarta ta ɗauke kafin 50 ana so ta ci gaba da kariya shekara 2, wadda ta haura 50 shekara 1. Ƙwayar ƙarin jini kuma kada ki haɗa ta da shayi ko fura da nono, suna hana jiki tsotse ta. Ki ba da tazarar awa biyu, ki sha da ruwa ko ruwan lemon zaƙi, ki ci gaba har wata uku bayan gwaji ya nuna jinin ya dawo daidai, domin ma'ajiyar ƙarfen jiki ta fi jinin jinkirin cika. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne.

Yanzu ina rubuta ranakuna a bayan kalandar ɗaki. Likitar ta ce kada in sake yin sikanin sai jinin ya canza kama, ko ya dawo bayan na cika wata 12. Takardar farko mai milimita 15 na cire ta daga fayil ɗina, don kada wani likitan ya gan ta babu rana a jiki ya sake tayar mini da hankali.