Mako uku ina neman takardar gona a gundumar da ba a yanka ba tukuna

Har yanzu idan na tuna makonni ukun nan sai raina ya sosu. A ajin tarihi a Lexington, malaminmu ya ba kowa gona guda a jihar Kentaki ta Amurka, ya ce a bi sawun cinikinta har a kai ga takarda mafi tsufa. Tawa ta faɗo a gundumar Clark, kuma bayanin da ke hannuna ya nuna an sayar da ita a 1787. Na duba taswirar yau, na kama hanyar Winchester, hedikwatar gundumar, hankalina kwance.

Sau biyar ina zuwa. Manyan kundaye ne masu bangon fata, sai da hannu biyu ake ɗaga su, rubutun a kwance, harafin s kamar f, iyakar gona kuwa daga bishiya kaza zuwa bakin rafi. Na bi suna bayan suna har idona ya yi ja. Ban ga kome ba.

Wata dattijuwa mai binciken asalin danginta ce ta leƙo takardata, ta ce, "Ɗana, a 1787 ina aka ga Clark?" Jikina ya yi sanyi. Sai a ƙarshen 1792 aka yanka ta daga gundumomin Fayette da Bourbon. Shekarar tana gabana tun ranar farko, ban taɓa haɗa ta da shekarun kundayen da nake buɗewa ba.

Daren nan na zauna na zana abin da ya kamata in fara da shi. Da can Kentaki duka gunduma ɗaya ce tak ta jihar Bajiniya, an kafa gundumar a 1776. A 1780 aka raba ta uku: Fayette, Jefferson da Lincoln. Daga cikin ukun nan sauran suka yi ta fitowa, har suka kai tara lokacin da Kentaki ta zama jiha ranar 1 ga Yunin 1792. Yau 120 ne, autarsu McCreary, ta 1912. Yankan ya yi yawa har tsarin mulkin jihar na 1891 ya gindaya sharuɗɗan faɗin ƙasa da yawan jama'a. Da aka ƙirƙiro Beckham a 1904, kotu ta rushe ta a shekarar.

Ga abin da ya ci ni: idan aka yanka sabuwar gunduma, tsofaffin takardu ba sa ƙaura, suna zama a ɗakin uwa, wato tsohuwar gundumar. Kuma ni ɗan Haɗeja ne fa! Takardar haihuwar yayana Jihar Kano aka rubuta a kai, don sai a 1991 aka yi Jigawa. Abin da na sani tun ina yaro, shi ne ya kuɓuce mini a ƙasar wasu.

Duk wanda zai yi irin wannan aiki, kada ya taɓa kundi sai ya tambayi kansa: a wannan shekarar, ƙasar nan a hannun wa take? Ya kuma kula da ranaku biyu, ranar sa hannu a doka da ranar fara aiki. Bourbon, wadda aka yanka daga Fayette, a 1785 aka yi dokarta, a 1786 ta fara aiki, kuma cinikin da ya faɗo tsakani yana can Fayette.

Nan gabana ya faɗi, domin gobara ta cinye ofishin akawun Fayette a 1803, takardu masu yawa suka salwanta. Allah ya taimake ni gonata tana ɓangaren Bourbon. Na tafi Paris, hedikwatarta, da safiyar wata Talata. Kafin azahar yatsana yana kan sunan mai sayarwar. Na ce alhamdulillahi a fili, har wanda ke tebur na kusa ya ɗago kai.